Yadda za ka karanci tarihin Amurka da kanka har ka gane inda suka dosa

Yawancinmu a labarai kawai muka san Amurka, yau a ce shugabansu ya lafta wa kayan China haraji, gobe a ce an tsaurara biza, jibi dala ta tashi a Wapa, kowa ya yi sharhinsa a majalisa a watse. Amma da za ka tambayi mutum me ya sa da dala duniya take ciniki ba da fam na Ingila ba, ko ta yaya ɗan takara zai fi kowa ƙuri'a amma ya faɗi zaɓe kamar yadda aka yi a 2000 da 2016, sai ka ji an fara kame-kame ana cewa ai su komai nasu makirci ne. To wannan rubutun na wanda yake son ya zauna ya koyi tarihin nan da kansa ne, da wayarsa da ɗan data da littafin rubutu guda, ba sai ya shiga jami'a ba, amma fa sai ya iya karanta Turanci ko da a hankali ne don kusan duk kayan karatun da shi aka rubuta su.

Da farko ka rabu da haddar sunayen shugabanni, ɓata lokaci ne. Akwai waɗanda su kansu Amurkawan ba sa tuna an yi su. Abin da za ka yi, ka raba kowane shafi na littafinka gida uku, gida ɗaya ka rubuta mulki, ɗaya kuɗi, ɗaya ƙasashen waje. Duk abin da ka karanta ya faru kar ka wuce shi sai ka cike gidajen nan uku: wa ya samu iko ko ya rasa, aljihun wa ya cika kuma wa ya biya, sannan wace ƙasa ce take leƙe ta katanga a lokacin. Littattafan makaranta sukan ware waɗannan kowanne da babinsa shi ya sa mutum yake gama karatu bai ga haɗin ba, alhali kamar igiya ce mai tufka uku, in ka warware ɗaya sauran ma sun saki.

Kafin ka fara kuma ka nemo taswira biyu a intanet, ɗaya ta jihohi 13 na farko da suke jere a bakin tekun Atlantika, ɗaya kuma mai nuna shekarar da aka samu kowane yanki. Ka ajiye su a waya kana dubawa kullum. Ka tabbata ka san inda kogin Mississippi yake da birnin New Orleans a bakinsa, wallahi rabin rigimar shekara ɗari ta farko a kan kogin nan da ƙasar da ke bayansa aka yi ta.

Bari mu gwada da 1776 tunda kowa ya san shekarar. A gidan mulki za ka rubuta cewa ranar 4 ga Yuli suka ayyana 'yancin kai daga Ingila. In ka tsaya a nan ba ka san komai ba. Koma gidan kuɗi: Ingila ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa a 1763 da bashi jingim a wuyanta, sai ta ce mazauna Amurka su ma su kawo nasu tunda har da kare su aka yi, ta sa harajin kan sarki a kan takardu a 1765, daga baya rigimar ganyen shayi ta taso har aka zubar da shi a teku a Boston a 1773. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, a 1763 ɗin nan sarkin Ingila ya ja layi ya ce kar Turawa su ƙetare duwatsun Appalachia su shiga ƙasar 'yan asalin wurin, manyan masu harin filaye irin su George Washington kuwa idonsu a can yake. Sai gidan waje: Faransa tana jin zafin kayen da ta sha, da ta ga 'yan tawayen sun ci yaƙin Saratoga a 1777 sai ta ƙulla ƙawance da su a 1778, ta ba su kuɗi da makamai da soja, kuma jiragen ruwan Faransa ne suka toshe wa sojan Ingila hanya a Yorktown a 1781. Ba don Faransa ba da wuya su kai labari, ita kuma bashin da ta ci a wannan hidimar yana cikin abin da ya jawo juyin juya halin 1789 da ya ci sarkinta. Ka ga yanzu abu ɗaya ya zama uku, kuma sai yanzu ya yi ma'ana. A gefe ka rubuta cewa Maroko tana cikin ƙasashen farko da suka buɗe wa jiragensu tasha tun 1777, sun sa hannu kan yarjejeniyar abota a 1786, zai yi maka amfani ranar musu.

Mataki na gaba ka karanta kundin tsarin mulkinsu na 1787 da kanka, kar ka yarda a ba ka labarinsa. Gajere ne sosai, babi bakwai ne kawai sai gyare-gyare 27 da aka yi masa tun daga lokacin, a zama ɗaya za ka gama shi, ba kamar namu na 1999 mai sashe 320 ba. Amma ka karanta shi a matsayin takardar ciniki, a kowane layi ka tambayi kanka wa aka lallasa da wannan. Ƙananan jihohi sun ji tsoron manya za su haɗiye su sai aka ba kowace jiha sanata biyu komai ƙanƙantarta, shi ya sa yau Wyoming da mutanenta ba su kai 600,000 ba take da sanatoci daidai da California mai kusan miliyan 39. Masu bayi na kudu suka ce a ƙirga bayinsu wajen rabon kujerun majalisar wakilai duk da ba sa zaɓe, aka daidaita a kan bawa biyar a lissafa su uku, aka kuma yi alkawarin ba za a hana shigo da bayi ba sai 1808. Shugaban ƙasa kuma ba talakawa ne suke zaɓensa kai tsaye ba, wakilan jihohi ne, yanzu su 538 ne, wato 435 na wakilai da 100 na dattawa da 3 na birnin Washington, wanda ya samu 270 ya ci. Amsar tambayar 2000 da 2016 ke nan. Ka kuma ja layi a ƙarƙashin wurin da aka ce yarjejeniya da wata ƙasa sai kashi biyu cikin uku na dattawa sun yarda, da wurin da aka ce majalisa ce take ayyana yaƙi, za ka dawo kansu nan gaba. Mu ma abin ya shafe mu don tsarin shugaban ƙasa da Najeriya ta ɗauka a 1979 daga nan aka kwafo shi, sai dai mu ba mu ɗauki wakilan zaɓen ba, muka sa sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi.

Daga 1790 zuwa 1865 nan ne nake so ka daɗe, in wata uku ka ware wa karatun gaba ɗaya to ka ba wannan zangon wata guda cur. Ka bi auduga kawai, ita za ta kai ka ko'ina. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, aikin da mutum yake wuni yana yi da hannu ya koma na ɗan lokaci, a daidai lokacin kuma masaƙun Manchester da kewayenta suna neman auduga ido rufe. Auduga tana son ƙasa tana son hannu. Ƙasar daga ina? A 1803 Shugaba Thomas Jefferson ya sayi yankin Louisiana daga Napoleon na Faransa kan dala miliyan 15, ƙasar ta kusan ninka girmanta a dare ɗaya, kuma dalilin da ya sa Napoleon ya sayar shi ne bayin Haiti sun yi tawaye sun lallasa sojansa, ya ga ba shi da sauran abin yi a wannan nahiyar ga yaƙi da Ingila yana jiransa. Abin dariyar ma wani bankin Landan, Barings, yana cikin waɗanda suka haɗa kuɗin da aka biya shi. Sai 1830 Andrew Jackson ya sa hannu kan dokar kwashe 'yan asalin ƙasar daga kudu maso gabas, aka kora ƙabilar Cherokee da wasu zuwa yamma da Mississippi, dubbai suka mutu a hanya a 1838 da 1839, gonakinsu suka koma na auduga. Sai yaƙi da Mekziko daga 1846 zuwa 1848 inda Mekziko ta rasa kusan rabin ƙasarta har da California, kuma a shekarar 1848 ɗin aka ga zinare a can.

Hannun kuma na bayi ne. A ƙidayar 1790 bayi kusan 700,000 ne, a ta 1860 sun kusa miliyan huɗu, kuma ka lura an hana shigo da su daga Afirka tun 1808, to haihuwa ce da cinikin cikin gida, ana sayar da mutum daga Virginia a raba shi da matarsa da 'ya'yansa a gangara da shi Mississippi ko Louisiana. Kafin yaƙin basasa auduga ce fiye da rabin duk abin da Amurka take fitarwa waje. Kar ka yarda da mai ce maka arewa tsarkakakkiya ce, bankunan New York ne suke ba da bashin, jiragensu suke dakon, masaƙun Massachusetts suke saƙawa. To me ya haɗa su faɗa? Duba gidan mulki. Kowace sabuwar jiha sanata biyu ce, saboda haka duk ƙasar da aka ƙwato sai an yi rigimar ta bayi ce ko ta 'ya'ya, aka yi ta faci, a 1820 an yi sulhun Missouri, a 1850 an sake wani, a 1857 kotun ƙoli a shari'ar Dred Scott ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, har Abraham Lincoln ya ci zaɓen 1860 da kusan kashi 40 na ƙuri'u ba tare da kudu ba, jihohi 11 suka ɓalle. Za ka haɗu da masu cewa wai ba don bauta aka yi yaƙin ba don 'yancin jihohi ne, kar ka ja da su, ka nemo takardun da South Carolina da Mississippi suka fitar da kansu suna bayanin dalilin ɓallewarsu ka karanta, da bakinsu suka faɗa.

Gidan waje na wannan yaƙin shi ya fi daɗi. 'Yan kudu sun ɗauka Ingila ba za ta iya rayuwa ba audugarsu ba dole ta goya musu baya, har da gangan suka riƙe audugar a farkon yaƙin. Ingila ta sha wuya, masaƙu sun tsaya ma'aikata sun ji yunwa, amma ta juya Indiya da Masar, da Lincoln kuma ya yi shelar 'yanta bayi a 1863 sai ya zama babu gwamnatin Ingilan da za ta iya fitowa fili ta tsaya wa masu bayi. Tsoron dogaro da audugar Amurka bai bar masu masaƙun Ingila ba, a 1902 suka kafa ƙungiyar BCGA don neman wasu wuraren noma, Arewacin Najeriya na cikin inda suka sa wa rai, injinan gurza na Zariya da Funtuwa daga nan suka samo asali, layin dogo ya iso Kano a 1911 ana jiran auduga sai manoma da fatake suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi. An kashe mutum sama da 600,000 a yaƙin basasar nan kafin ya ƙare a 1865.

Daga nan zuwa 1913 kana iya ɗan sauri amma ka riƙe abu biyu. Na ɗaya, ka buɗe shafi na musamman ka sa masa suna wa yake zaɓe, kana cike shi har ƙarshen karatunka. Da fari a yawancin jihohi sai farin namiji mai dukiya, a hankali aka cire sharaɗin dukiya, gyara na 13 a 1865 ya haramta bauta, na 14 a 1868 ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, na 15 a 1870 ya ba baƙaƙe maza ƙuri'a, amma da sojan tarayya suka janye daga kudu a 1877 sai aka ƙwace ta da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da kisa, kotun ƙoli ma ta halasta wariya a 1896. Mata sai 1920, 'yan asalin ƙasar sai 1924 aka ce duka 'yan ƙasa ne, baƙaƙen kudu ba su samu ƙuri'a ta gaske ba sai dokar 1965 bayan gwagwarmayar su Martin Luther King. Duk ranar da wani ya ce maka dimokuraɗiyyarsu ta shekara ɗari biyu da hamsin ka buɗe masa wannan shafin. Na biyu shi ne girman arzikin: dokar 1862 da ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili eka 160 kusan kyauta, layin dogo da ya haɗa gabas da yamma a 1869, Alaska da aka saya daga Rasha a 1867 kan dala miliyan 7.2, kamfanin mai na Rockefeller da ya haɗiye kowa har kotu ta tarwatsa shi a 1911, ga baƙi miliyoyi daga Turai suna cika masana'antu. A 1898 suka ci Sifaniya da yaƙi suka karɓe Filifin da Puerto Rico da Guam, suka haɗe Hawaii, ƙasar da ta yi tawaye wa mulkin mallaka ita ma ta zama mai mallaka.

Akwai tarko a nan da yake kama kusan kowa, sunayen jam'iyyu. Republican jam'iyyar Lincoln ce, ita ta 'yanta bayi, Democrat kuma a wancan zamanin ita ce ta fararen kudu masu wariya. Baƙaƙe sun fara komawa Democrat ne a zamanin Roosevelt a shekarun 1930, da Lyndon Johnson wanda shi ma ɗan Democrat ne ɗan Texas ya sa hannu kan dokokin 1964 da 1965 sai fararen kudu suka riƙa zamewa zuwa Republican sannu a hankali. Saboda haka in ka ga sunan jam'iyya ka fara duba shekara tukun, ka tambaya su waye suke cikinta a lokacin.

Yanzu sai dala. Ka fara daga 1913, shekarar da aka kafa babban bankinsu aka kuma halasta harajin kuɗin shiga. Kafin yaƙin duniya na farko Amurka ce ake bi bashi, bayansa ita take bin Ingila da Faransa. Shugaba Wilson ya je Faransa ya tsara ƙungiyar ƙasashen duniya ta farko ya dawo gida dattawa suka ƙi amincewa, ka tuna layin nan na kashi biyu cikin uku da na ce ka ja, to ga aikinsa, ƙasar da ta kawo shawarar ba ta taɓa shiga ba. A 1929 kasuwar hannun jari ta rushe, bankuna dubbai suka durƙushe da kuɗin mutane, zuwa 1933 mutum ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki, Franklin Roosevelt ya zo ya kafa inshorar ajiyar banki a 1933 da fanshon tsofaffi a 1935, kuma rigimar da suke yi har yau ta gwamnati ta sa hannu a kasuwa ko ta cire daga nan ta yi ƙarfi. Sai Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941. Abin da za ka rubuta da jan biro shi ne, an gama yaƙin, Turai da Japan da Rasha duk sun zama kufai, masana'antun Amurka ko bam ɗaya bai faɗa musu ba, mafi yawan zinaren gwamnatocin duniya yana hannunta. A Yulin 1944 ƙasashe 44 suka taru a Bretton Woods aka ɗaure kuɗin kowa da dala, ita kuma dala aka ɗaure ta da zinare kan 35 duk oza, a nan aka haifi IMF da Bankin Duniya. A Fabrairun 1945 Roosevelt ya gana da Sarki Abdul'aziz na Saudiyya a cikin jirgin ruwan yaƙi a mashigin Suez, ka sa wannan a gidan kuɗi da na waje duka.

Ranar 15 ga Agusta 1971 Nixon ya ce daga yau ba mai kawo dala a ba shi zinare, don yaƙin Vietnam da kashe-kashen kuɗi a gida sun sa dalar da ke yawo a duniya ta fi zinaren da ke rumbu yawa. Dala ba ta mutu ba saboda babu wata da za ta maye gurbinta kuma mai da ita ake sayensa. Ka bi zaren zuwa 1979 lokacin da Paul Volcker ya karɓi babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai wajen kashi 20 don kashe tsadar kaya a gida, duk ƙasar da ta ci bashin dala ta shiga uku, Mekziko ta ce ba za ta iya biya ba a 1982, farashin mai ya faɗi, mu kuma ga namu sakacin da facaka, a 1986 Babangida ya kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki, nairar da a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja a hukumance ta fara gangarar da har yau ba ta tsaya ba. Ban ce Amurka ce kaɗai ta jawo ba, amma ba za ka gane SAP ba in ba ka san Volcker ba.

A zamanin yaƙin cacar baka ka kiyayi abu biyu, masu cewa Amurka mai ceton duniya ce da masu cewa duk sharrin duniya ita ce. Hanyar da ta fi ita ce ka ɗauki gwamnati ɗaya ka jera ayyukanta kusa da juna. Gwamnatin Eisenhower ita ta haɗa kai da Ingila aka kifar da Mossadegh, firaministan Iran, a 1953 bayan ya ƙwace kamfanin mai na Ingila, ita ce kuma a 1956 ta matse Ingila da Faransa da Isra'ila suka janye daga Masar, kuma da kuɗi ta matse Ingila ba da bindiga ba, ta ƙi bari a tallafi fam har sai sun fita. In ka cike gidajenka uku za ka ga lissafi ɗaya ne, mai da tsoron Tarayyar Sobiyet. Ka kuma duba ɗaya layin da ka ja, majalisa ba ta sake ayyana yaƙi a hukumance ba tun yaƙin duniya na biyu, amma an yi Koriya an yi Vietnam inda sojansu kusan 58,000 suka mutu, an yi Afganistan da Iraƙi, to ka bi yadda ikon ya zame daga majalisa ya koma fadar shugaban ƙasa.

In ka zo nan sai ka fara taɓa takardun asali, kuma kyauta ne. Ma'aikatar harkokin wajensu tana da ofishin tarihi da yake wallafa tsofaffin wasiƙun sirri a intanet bayan shekaru sun wuce, ka shiga ka rubuta Nigeria ko Niger ko Ghana a wurin bincike ka ga yadda jakadunsu suke maganar shugabanninmu a bayan idonsu. Ka fara da abin da ka ɗan sani: ziyarar Tafawa Ɓalewa Washington a 1961, yaƙin Biyafara da Amurka ta ƙi sayar wa Gowon makamai ya tafi wajen Sobiyet, wasiƙar da Shugaba Ford ya aiko kan Angola da martanin Murtala a Addis Ababa a Janairun 1976, da zuwan Jimmy Carter Legas a 1978 lokacin Najeriya tana cikin manyan masu sayar musu da ɗanyen mai. Sannan ka duba 2014 da aka yi wata guda ba su sayi ko ganga ɗaya daga Najeriya ba saboda sun koyi tatsar nasu man daga dutse, ka kwatanta irin kulawar da suke ba mu kafin nan da bayan nan. 'Yan'uwanmu na Nijar su yi haka da sansanin jiragen Agadas da Amurka ta gina ta kuma bari a 2024. Amma ka tuna wanda ya rubuta wasiƙa shi ma yana da abin da yake karewa, jakada yana so a ce ya iya aiki.

Maganar bidiyo kuwa, ka kalla amma ka sa masa sharaɗi, duk wanda ya yi minti goma bai faɗi shekara ko sunan doka ko adadin da za ka iya bincikawa ba ka kashe abinka ka adana datarka. Mai cewa wasu iyalai ne a ɓoye suke juya komai ya huta da karatu ne kawai, masu kuɗin Amurka a fili suke zuba kuɗi a siyasa kuma a rubuce yake, kotun ƙoli ma ta ƙara buɗe musu ƙofa a 2010. Kan kowane zango ka nemi marubuta biyu da ba sa ga maciji da juna, inda suka haɗu ka riƙe, inda suka rabu ka rubuta dalilin kowa.

Jarrabawar da za ka yi wa kanka ita ce ka ɗauki labari ɗaya na wannan makon ka bi shi baya har inda ya tsaya. Ɗauki harajin kayan waje. Yana cikin dokokin farko da majalisarsu ta yi a 1789, kuma in ka cire lokacin yaƙin basasa shi da harajin giya da taba ne suke riƙe da gwamnatin tarayya har 1913. Masu masana'antu na arewa suna son shi don ya kare su daga kayan Ingila, masu auduga na kudu sun tsane shi don su a waje suke sayarwa a waje suke saye, har South Carolina ta ce ba za ta bi shi ba a 1832 Jackson ya yi barazanar tura soja. Ɗan majalisa McKinley ya sa aka ɗaga shi a 1890, aka sake ɗagawa a 1930 ana tsakiyar karayar arziki sauran ƙasashe suka rama ciniki ya ƙara mutuwa, shi ya sa a 1934 majalisa ta fara miƙa wa shugaban ƙasa ikon daidaita shi. Daga 1947 suka koma masu wa'azin buɗe kasuwa don a lokacin ba mai iya gasa da su, aka yi yarjejeniyar ciniki ta NAFTA da Kanada da Mekziko a 1994, aka yi dokar AGOA don kayan Afirka a 2000, China ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, masana'antu suka riƙa rufewa a garuruwan Michigan da Ohio da Pennsylvania, kuma waɗannan jihohin suna da wakilan zaɓe masu yawa cikin 538 ɗin nan, duk ukun Trump ya cinye su a 2016. In ka gama da haraji ka ɗauki biza, ka fara daga dokar hana 'yan China shiga ta 1882, ka biyo ta 1924 da ta 1965, har ka iso ta 1990 da ta kawo cacar biza.